Mun Koyi Wankan Gawa, Wa Ya Koya Mana Wankan Mai Rai?

  Mas'alar da nake so mu duba a wannan karo ba daga littafi na tsinto ta ba, a unguwarmu ta same ni.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, wanda hawan jini ya kayar da shi wata safiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Ya yi kwanaki a gidan likita, aka sallamo shi aka ce sauran jinya sai a gida. Matarsa ta riga shi rasuwa. Ƴaƴansa maza uku ne: biyu suna bida, ɗaya a Abijan ɗaya a Libiya, ƙaramin kuwa yana kasuwa tun safe har magariba. Saboda haka jinya ta faɗa kan matar ƙaramin, yarinyar da ba ta cika shekara ashirin ba, ga ta da goyo. Babu wanda ya zauna ya ce an ɗora mata wannan aiki. Ita ce dai aka bari a gidan.

Bayan wata biyu sai aka fara jin wari a ɗakin. Da aka ɗaga dattijon, sai ga gyambo a ƙasan gadon bayansa mai faɗin tafin hannu, ga wani a dunduniya. Ƴaƴansa mata suka taso daga gidajen aurensu, aka yi kuka, aka yi faɗa, aka ce wannan yarinya ba ta da imani, ba ta da tausayi, ta bar musu uba yana ruɓewa da ransa. Ni ma, Allah ya gafarta mini, a ranar haka na ɗauka. Sai aka kira wani tsohon majo na unguwar wanda ya ajiye aiki da daɗewa, ya duba gyambon, ya kira yarinyar gefe ya ce: “Ƴata, sau nawa kike juya shi a yini?” Ta ce: “Baba, ai ba na juya shi. Na ga duk sa'ad da aka taɓa shi sai ya yi nishi, shi ne na ce kada in wahalar da shi.”

To, ka ji. Ashe ba rashin tausayi ne ya ci naman dattijon ba, tausayin ne da kansa ya ci shi. Tun daga ranar nake juya tambayar a raina: shin kyakkyawar zuciya ta isa jinya? Idan kuma ba ta isa ba, alhakin gyambon nan a wuyan wa yake?

Bari mu fara da abin da yarinyar ba ta sani ba, domin mu ga ko abu ne da hankali kaɗai yake kai mutum gare shi. Jikin da ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyinsa yana matse fata da nama tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki tun ba a ga kome a waje ba. A jikin baƙar fata alamar farko ba ja ba ce, wurin yakan yi duhu ne, ya yi tauri ko zafi, kuma ido marar sani ba zai lura ba. Wuraren da abin ya fi kamawa sanannu ne: ƙasan baya, kwatangwalo, dunduniya, kafaɗa da ƙeya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke juya irin wannan majinyaci kamar duk bayan awa 2, dare da rana, suna sa matashi tsakanin gwiwoyi, suna ɗaga duga-dugai daga shimfiɗa, ba sa barinsa cikin fitsari ko gumi. Haka nan ciyarwa. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya, idan aka ɗura masa ruwa ko fura yana kwance, sai wani abu ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya rufe shi, mu ce sanyi ne ya kama shi. Alhali da an zaunar da shi, an ba shi kunu mai kauri cokali-cokali, an bar shi zaune na ɗan lokaci bayan ya gama, da an toshe wannan ƙofa. Ga kuma ƙishirwa: tsoho ba ya jin ta kamar yadda yaro yake ji, yana iya bushewa bai nemi ruwa ba. A watan Agusta na 2003 zafi ya kashe mutane wajen 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi ne. Mu da zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40 kowace shekara, wa yake ƙirga mana?

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake haihuwar mutum da saninsa. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a cikin kusan kowannensu, abin da zuciya mai taushi take umurni da shi shi ne kuskuren: kada a tashe shi yana barci, kada a motsa hannun da yake ciwo, a ba shi ruwa da sauri tunda yana kwance ya gaji.

Na san abin da wasu ƴan uwa za su ce, domin an faɗa mini shi a zaure. Za su ce hidimar iyaye ibada ce, ladarta tana ga niyya, kuma idan aka mayar da ita abin koyarwa da takarda da albashi, to an fitar da ita daga ibada an shigar da ita sana'a, an kama hanyar Turawa masu kai iyayensu gidan tsofaffi su juya baya. Wannan tsoro ba na raina shi, kuma zan komo kansa. Amma ina tambaya: wace ibada ce a addininmu aka ce niyya ta ɗauke mata ilmi? Yaro ba ya salla sai ya koyi farillan alwala da abin da yake warware ta. Mai tafiya hajji ana tara shi a koya masa ɗawafi da jifa tun bai hau jirgi ba. Ga kuma wanda ya fi kusa da maganarmu, wato wankan gawa. A makarantun islamiyya na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, mata da maza suna koyonsa daki-daki: yadda ake tuɓe mamaci a suturta al'aurarsa, yadda ake matsa ciki a hankali, inda ake farawa, sau nawa ake zuba ruwa, yadda ake juya shi ba tare da an wulaƙanta shi ba. Har ana kawo ɗan kwaikwayo a gwada a gaban ɗalibai. Madalla da wannan. Amma wankan gawa sau ɗaya ake yi wa mutum, kuma ba ya jin zafi. Wankan mai rai da ba ya iya tashi kuwa ana yin sa ne kullum, wata da watanni, wani lokaci shekaru, kuma mai shi yana ji, yana jin kunya, yana jin sanyin ruwa, yana jin hannun da ya fizge shi. Wannan kuwa ban taɓa ganin an buɗe masa darasi a wata makaranta tamu ba. Mun fi shirya wa jikin iyayenmu bayan rai ya fita bisa ga sa'ad da yake ciki.

Magabata ba su raba tausayi da gwaninta ba. A shekara ta 5 bayan hijira, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, ba a miƙa shi ga wanda ya fi kowa son shi ba, an kai shi tantin Rufaida a masallacin Madina, domin ita ce aka sani da jinyar masu rauni. Malaman fiƙihu kuma sun yi hukunci cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, idan ya yi ɓarna ramuwa tana kansa, kyakkyawar niyyarsa ba ta kuɓutar da shi. A Bagadaza, a shekara ta 931 miladiyya, da labari ya kai ga Halifa Muƙtadir cewa wani ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai ya hana kowa yin aikin sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba, aka jarraba mutum fiye da 800. A Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da masu hidimar majinyata maza da mata, waɗanda ake biya daga dukiyar waƙafi, kuma babu malamin da ya ce albashin ya ƙone musu lada. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙirga ilmin likitanci cikin farillan kifaya, har ya yi kukan cewa garuruwa sun cika da masu gasar fatawa alhali ba su da likita musulmi. Ina ganin da ya leƙa ɗakin maƙwabcina, da ya ƙara jinya a cikin kukan nasa.

Sai dai akwai tambaya mai wuya fiye da wannan. An yarda ana koyon juya jiki da ba da kunu. To shi tausayin fa, ana koyonsa? Mutanenmu sukan ce hali zanen dutse ne. Idan haka ne, mai taurin zuciya ko an kai shi lakwal shekara goma zai fito da taurinsa. Gazali bai yarda da wannan ba. A ganinsa da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza, kuma hanyar samun hali ita ce mutum ya dinga tilasta wa kansa aikin masu wannan hali har ya zame masa jiki. Abin mamaki, wasu mutane biyu a Faransa, Yves Gineste da Rosette Marescotti, sun iso kusa da wannan ra'ayi ta wata ƙofa dabam. Malaman motsa jiki ne, aka kira su asibiti a 1979 don su koya wa ma'aikata yadda za su ɗaga majinyata ba tare da sun karya bayansu ba. Da suka shiga sai suka ga tsofaffi ana wanke su kamar ana wanke kwano, ba kallo ba magana. Daga nan suka tsara hanyar da suka kira Humanitude, wadda ake koyarwa yanzu har a Japan: ka ƙwanƙwasa kafin ka shiga ko da majinyacin ba ya amsawa, ka zo masa ta gaba ka sauko daidai idonsa, ka yi ta gaya masa abin da hannunka yake yi, ka taɓa shi da buɗaɗɗen tafi kada ka damƙe wuyan hannunsa kamar ɓarawo, kuma ka tsayar da shi da ƙafarsa kowace rana muddin yana iyawa. Mai karatu zai ce ai wannan sallama ce da neman izini da sakin fuska, abin da muke da shi tun tuni. Gaskiya ne. Amma mu muna yi wa baƙo mai lafiya ne. Sau nawa ka ga an yi sallama a ƙofar ɗakin tsohuwar da gigin tsufa ya kama?

Gigin tsufa ma shi ne wurin da ilmi yake haifar da tausayi a fili. Tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi, ta zagi ƴarta, ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya rushe shekara hamsin da suka wuce. Wanda bai san cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa ba, zai ɗauka sharri ne ko neman fitina, ya yi ta gardama da ita, ya kulle ta, a wasu wuraren ma har a jefe ta da zargin maita. Wanda aka sanar da shi kuwa zai daina jin zafin zagin, domin ya san ba ita ce take magana ba. Zuciyar ɗaya ce, abin da ya sauya shi ne abin da ta sani.

Yanzu in komo ga tsoron ƴan uwana na zaure, domin suna da gaskiya ta wani gefen da su kansu ba su ambata ba. Koyarwa kaɗai ba ta tsare kowa. A Amurka tun 1987 doka ta wajabta wa mataimakan jinya a gidajen tsofaffi horo na aƙalla awa 75 kafin su kama aiki sosai. A Faransa masu wannan aiki suna da takardar shaida ta gwamnati. Duk da haka, a watan Janairu na 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafi a kan kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen tsofaffi a Turai, inda ya zarge shi da ƙayyade abinci da ƙunzugun da ake ɗaura wa tsofaffi, da rage ma'aikata don riba ta ƙaru. Gwamnati ta sa aka yi bincike, ta miƙa maganar ga shari'a, kamfanin kuma daga baya ya sauya suna. Ma'aikatan da suka bar tsofaffi cikin ƙazanta a can ba jahilai ba ne, sun san abin da ya kamata. Amma idan mace ɗaya aka ba ta tsofaffi da yawa ta wanke kafin hantsi, aka ƙirga mata ƙunzugu, aka nuna mata cewa in ta yi magana za ta rasa aiki, to iliminta ba zai ƙara mata kome ba sai nauyin zuciya. Laifin yana ga wanda ya tsara aikin, ya zauna nesa da wari yana duba lissafi.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. A Nijar waɗanda suka wuce shekara 65 ba su kai 3 cikin 100 ba, amma a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 25 wannan ya haura mutum rabin miliyan, kuma gidan tsofaffinmu shi ne gidan kowa. Ko a gidan likita ma, wanka da ciyarwa da zubar da fo galibi aikin ɗan uwan da ya zo jinya ne, mai kwana a tabarma a bakin ɗaki. To kowane gida mai majinyaci ƴar ƙaramar ma'aikata ce, tana da mai ba da kuɗi, da mai ba da umurni, da mai aiki. A gidan maƙwabcina masu kuɗin suna Abijan da Libiya, suna aiko da jikka kaza duk wata, suna ganin sun sauke nauyi. Masu umurni suna gidajen aurensu, suna zuwa ran Juma'a su duba su yi gyara. Mai aikin kuwa ita kaɗai ce, ba hutu, ba mai karɓarta, ba wanda ya taɓa tambayarta me take gani. Ko da ta san ƙa'idar awa 2, yaya mace mai shayarwa za ta tashi sau huɗu kowane dare, ta juya namiji mai nauyi ita kaɗai, wata biyu a jere? Da ta sani ma, da bayanta ne zai fara karyewa.

A nan ne nake ganin amsar tambayata ta biyu, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Malaman fiƙihu ba su wajabta wa mace yi wa iyayen mijinta hidima ba, in ta yi kyautatawa ce daga gare ta. Wajibin yana kan ƴaƴan da aka haifa. Ga kuma maganar al'aura, wadda muke kawar da kai daga gare ta: tsarkin dattijo namiji aikin ɗansa ne ko wani namiji, ba na matar ɗansa ba, sai in lalura ta tilasta, kuma kasuwa ba lalura ba ce. Wanda wajibi yake kansa, idan ya wakilta wani, bai fita daga alhaki ba sai ya tabbata wakilin ya iya, yana da kayan aiki, yana da mai taya shi, kuma yana da bakin faɗin abin da ya gagare shi. Makiyayin da ya ba yaro ƙarami garken shanu ya tafi barci, in suka shiga gona ba yaron ake kai wa sarki ba. Saboda haka gyambon nan, a ganina, rabonsa mafi girma yana wuyan ƴaƴan dattijon maza, sai mata masu zuwa duba, sai mu maƙwabta da muke shiga mu yi addu'a mu fito ba mu taɓa ɗaga zanen ba. Yarinyar ita ce ta ƙarshe a layin, kuma ita kaɗai aka zaga.

Abin da tsohon majon ya yi bai ci kuɗi mai yawa ba. Ya tara gidan duka, har ya sa aka kira na Abijan a waya. Ya gwada musu juyi da zane, mutum biyu suna riƙe da gefe-gefe, ya sa kowa ya yi da hannunsa har sau uku, dattijon yana kallonsu. Ya rubuta sunaye da lokuta a takarda aka liƙa a bango: ƙaramin ɗa yana da dare da wankan asuba, ƴaƴa mata kowace tana da yini biyu a mako, wani almajiri babba da aka yi wa albashi daga kuɗin ƴan bida yana da rana. Ya ce duk ran Juma'a bayan la'asar a zauna, kuma wadda za ta fara magana ita ce matar ƙaramin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A zaman farko ba ta ce kome ba. A na uku ne ta ce ta lura Baba ya fi karɓar kunu idan ta zauna ta gefensa na hagu, kuma yana ƙin ci duk ranar da aka yi masa tsarki ƙofa a buɗe. Babu wanda ya san wannan a cikin waɗanda ya haifa.

Gyambon ya ɗauki wata biyar kafin ya rufe. Dattijon ya ƙara shekara ɗaya da wani abu, sannan Allah ya karɓi abinsa, fatarsa lafiya lau.

Yanzu a unguwar, duk gidan da aka kwantar da tsoho, yarinyar nan ake aika wa ta zo ta nuna yadda ake yi. Ta shiga gida shida ko bakwai. Da muka kai maganar gaban kwamitin masallacinmu, cewa a buɗe darasin jinya kusa da na wankan gawa, a sa ita da majon su koyar, kowa ya yarda. Inda aka tsaya shi ne ko za a yanka mata wani abu duk wata daga asusun masallaci. Wasu dattawa sun ce a bar ta da ladarta. Ma'ajin kuwa ya tuna musu cewa mai gadin masallacin da mai share shi duk ana biyansu. An ɗage maganar sai bayan salla.